Furofil a RAM, kash a RAM, ko SSD: wanne ya dace da kwamfuta a Yamai?

Duk wanda ya ɗan jima yana amfani da Linux zai ci karo da wannan dabara wata rana: a kwashe furofil ɗin burauza daga kan diski a zuba shi cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki mai sauri wadda ke gogewa da zarar kwamfuta ta mutu, sai Firefox ko Chrome su daina nauyin jiki. Dabarar tana aiki, ina da kwamfutar da nake yi wa haka. Sai dai an tsara ta ne bisa zaton cewa wuta ba za ta ɗauke ba kuma intanet ba a ƙirga shi da mega. Mu a Yamai duka biyun suna cikin lissafinmu na kullum, shi ya sa ya kamata mutum ya auna kafin ya taɓa komai.

Furofil shi ne dosiyen da burauza ke tara duk abin da ya shafe ka. A Firefox akwai places.sqlite mai riƙe da tarihin shafukan da ka shiga da waɗanda ka yi wa alama, akwai cookies.sqlite wanda ke sa Facebook ya gane ka ba sai ka sake shigar da kalmar sirri ba, akwai logins.json da key4.db inda kalmomin sirrin suke a kulle, ga kuma dosiyen storage inda shafuka irin su WhatsApp Web ke jibge kayansu. Rubuta about:profiles a wurin adireshi, zai nuna maka inda naka yake. Kash kuwa abu ne daban: kwafin hotuna da rubutun shafukan da ka riga ka sauke, domin kada a sake sauke su gobe. A Linux ba ma wuri ɗaya suke zaune ba, furofil galibi yana ~/.mozilla/firefox, kash yana ~/.cache. Mutane da yawa suna haɗa su a baki ɗaya, alhali hukuncinsu ya sha bamban.

Me ya sa wurin zaman furofil ke da tasiri? Burauza ba ya hutawa da rubutu. Kowane shafi ka buɗe sai ya rubuta a tarihi, kowane kuki ya canza sai ya rubuta, kuma Firefox yana adana jerin shafukan da ke buɗe duk bayan daƙiƙa 15. Yawancin waɗannan fayiloli na SQLite ne, wato wani tsarin ajiye bayanai, shi kuma SQLite yakan tsaya ya jira diski ya tabbatar masa cewa rubutun ya zauna kafin ya ci gaba. Tsohon diski mai juyawa, irin mai zagaye 5400 a minti da ke cikin yawancin kwamfutocin okaziyo, yana ɗaukar milisakan 10 zuwa 15 kafin allurarsa ta kai inda ake nema. Ƙananan ayyuka warwatsattsu kamar ɗari ke nan a daƙiƙa. SSD, wato sabon nau'in diski marar juyawa, yana yin dubban goma. RAM kuwa da nanosakan ake auna ta. Kamar mai tebur ne da ya shimfiɗa kayansa a gabansa, da wanda sai ya tashi ya je magaza duk lokacin da aka tambayi ashana ɗaya.

Wanda ke da tsohon diski ya san alamar. Ka fara rubuta adireshi, haruffa uku sun fito, na huɗu ya maƙale. Ƙaramar fitilar diski ta tsaya a kunne ba ƙyaftawa, idan ɗakin shiru ne har kana jin ƙaf-ƙaf ɗin allura a ƙarƙashin tafin hannunka na hagu. Bayan daƙiƙa biyu sai sauran haruffan su zubo gaba ɗaya. Wannan ciwon shi ne dabarar RAM ke magani, shi kaɗai.

Saboda haka kafin a zaɓi magani a duba ciwon. A Windows danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka kalli layin diski da layin RAM a daidai lokacin da burauza ya tsaya. A Linux rubuta free -h domin ganin RAM ɗin da ta rage, iotop kuma zai nuna maka wanda ke wahalar da diski. Idan diski ne a 100 cikin 100 alhali RAM na da sauran wuri, batunmu ya shafe ka. Idan RAM ce ta cika har kwamfuta ta fara kwashe kaya tana zubawa a swap, wato wurin da ke karɓar rarar RAM a kan diski, dabarar za ta ƙara maka ciwo ne. Idan kuma dukansu lafiya lau amma shafi na ta juyawa bai buɗe ba, wannan konekisiyo ne, babu abin da RAM za ta yi masa. Akwai na huɗu da muke yawan mantawa: a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka takan rage gudun furosesa da kanta don kada ta ƙone. Wannan a buɗe ta a busa, a sake man furosesa, shi ke nan.

Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da kash kaɗai cikin RAM. A Firefox ba sai an saka komai ba: shiga about:config, mayar da browser.cache.disk.enable zuwa false, sannan ka ba browser.cache.memory.capacity adadin da kake so da kilobait, misali 262144 wato mega 256. A Chrome ana ƙara --disk-cache-dir a umarnin buɗe shi, a nuna masa wani wuri cikin RAM kamar /dev/shm. Ba ta da haɗari ko kaɗan, domin ko wuta ta ɗauke babu abin da ka rasa sai kwafin hotuna. Shi ya sa ake yawan ba da shawararta.

Ni kuwa ita ce wadda na fi hana mutane a nan. Kash ɗin da ke cikin RAM yana mutuwa duk lokacin da kwamfuta ta mutu, na Firefox ma da zarar ka rufe burauzan. Gobe da safe Gmail da Facebook da YouTube za su sake sauko da duk kayan aikinsu daga farko, kuma daga cikin forfe ɗinka za a cire. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke raba intanet daga wayarsa, ko Airtel ce ko Moov ko Zamani, yana biyan kuɗin wannan saukewa kullum ba tare da ya sani ba. Ga kuma batun lokaci. Nijar ba ta da gaɓar teku, bayananmu suna bi ta ƙasashen maƙwabta ne kafin su shiga wayoyin ƙarƙashin teku. Gwada ping, umarnin da ke auna lokacin zuwa da dawowar saƙo, zuwa wata sabar da ke Turai, za ka ga abin ya haura milisakan 100. Tsohon diskin da muke zagi yana kawo fayil cikin milisakan 15. Wato ko kash ɗin da ke kan diski mafi lalaci ya fi sake tambayar Faransa sauri. Wanda ke ofis mai fiba marar iyaka, wanda ba ya rufe burauza daga safe zuwa yamma, zai iya yin wannan dabara ba asara. Mai forfe ya bar kash ɗinsa a kan diski.

Hanya ta biyu ita ce asalin maganar: furofil gaba ɗayansa a RAM. A Linux akwai tmpfs, wato dosiyen da kake gani kamar kowane dosiye amma jikinsa na cikin RAM. Ana iya yin aikin da hannu, da rsync mai kwafe fayiloli da ɗan rubutun umarni, amma ban ga dalilin wahalar ba tunda akwai profile-sync-daemon, wanda ake taƙaitawa psd. Daga wajen masu Arch Linux ya fito, yanzu kuma yana cikin ma'ajiyar Debian da Ubuntu da Fedora. Idan ka shiga kwamfuta sai ya kwafe furofil zuwa /run/user, ya ajiye mahaɗi a tsohon wurin yadda burauza ba zai ma san an yi ƙaura ba. Daga nan duk bayan awa ɗaya yana mayar da abin da ya canza zuwa diski, haka ma lokacin da ka kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace.

A cikin wannan awa ɗayan ne matsalarmu take. Idan wuta ta ɗauke ba zato, duk abin da ya shiga furofil tun daga kwafin ƙarshe ya tafi: kalmar sirrin da ka adana, shafin da ka yi wa alama, shafuka ashirin da ka buɗe kana haɗa bayanan kundin kammala karatu. Idan kwamfuta ta tashi, psd zai dawo da kwafin da ke diski, ya kuma ajiye wani na ko-ta-kwana mai ɗauke da kwanan wata, saboda haka ba furofil ɗin duka ke salwanta ba. Amma wanda ya canza kalmar sirrin banki ko ta imel minti ashirin kafin wutar ta tafi, ya bar burauza ya riƙe masa bai rubuta a ko'ina ba, wannan mutum ya shiga uku. Kuma idan yankewar ta faɗo daidai lokacin da ake tsakiyar kwafi, abin da ke diskin yana iya zama rabi sabo rabi tsoho. Furofil ɗin da ke zaune a diski tun farko ya fi jure wannan, domin jiran nan da SQLite ke yi, wanda ke ba mu haushi, an yi shi ne saboda irin wannan rana.

Ba sai na tuna wa ɗan Yamai yadda wuta take ba. A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wuta, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. An dawo da layin, tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ma ta fara aiki, amma duk lokacin zafi, da kowa ya kunna fanka da kilim, yankewa na dawowa. Saboda haka tambaya ta farko ga mai son psd ita ce batir. Ɗan yayata ya kawo mini tasa, wata EliteBook da ya saya okaziyo, yana cewa, "Kawu, a sa mini abin nan na RAM, nawa ai fotabul ce, wuta ba ta dame ni ba." Na ce masa, "To, ɗana, zare cajar mu gani." Yana zarewa allon ya yi baƙi ƙirin. Kwamfutar hannu mai mataccen batir daidai take da ta tebur marar ondilar, kuma irinta sun cika garin nan. Wanda batirinsa ke riƙe ko da minti talatin ne, shi yana da lokacin rufe burauza ya kashe a natse, psd ya mayar da komai.

Ana iya rage haɗarin. Da systemctl --user edit psd-resync.timer za ka mayar da tazarar daga awa ɗaya zuwa minti 10. Cikin ~/.config/psd/psd.conf akwai USE_SUSPSYNC, wanda ke sa a yi kwafi kafin kwamfuta ta yi barci idan ka rufe murfi. Kunna Firefox Sync ko asusun Google kuma yana sa kalmomin sirri da alamomi su sami kwafi a waje, muddin akwai konekisiyo a lokacin. Waɗannan kwafi na ko-ta-kwana ma a riƙa lura da su, kowanne girman furofil ne cikakke, kuma a garin da wuta ke yawan tafiya suna taruwa da wuri. Umarnin psd c yana share su.

Tambaya ta biyu yawan RAM. Systemd, mai tafiyar da ayyukan Linux, yana ba /run/user kashi 10 cikin 100 na RAM ne kawai, sai in ka ƙara ta RuntimeDirectorySize a logind.conf. A kwamfuta mai giga 4, mega 400 ke nan. Furofil ɗin da ya shekara biyu ana WhatsApp Web a cikinsa yana iya wuce haka cikin sauƙi, na Chrome ma ya fi saurin ƙiba saboda abin da shafuka ke tarawa a dosiyen Service Worker. Rubuta du -sh ~/.mozilla/firefox ka ga naka. Ko da ka faɗaɗa iyakar, duk megan da furofil ya ci an ƙwace shi ne daga shafukan da kake buɗewa, kuma idan RAM ta cika Linux zai tura abin da ke tmpfs zuwa swap, wato kan diskin nan dai da ka gudu. Gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Da giga 4 ban yarda a yi ba. Da giga 8 ana iya zama lafiya.

Akwai mafita ta tsaka-tsaki, USE_OVERLAYFS. Da ita ba a kwafe furofil duka, abin da ya canza kaɗai ke hawa RAM, sauran ana karanta shi daga diski. RAM ɗin da ake ci ta ragu sosai, shiga kwamfuta ma ba ya jinkiri, domin ba tare da ita ba sai tsohon diskin ya gama kwafe ɗaruruwan mega a kowace shiga, wato jiran da ka cire daga burauza ka mayar da shi farkon aiki. Kuɗinta shi ne buɗewar burauza ta farko ba za ta yi wani saurin a-zo-a-gani ba, kuma sai ka ba wani ƙaramin mataimakin psd izinin sudo, wato ikon mai kwamfuta, ba tare da kalmar sirri ba. A kwamfutarka kai kaɗai wannan ba komai. A ta ofis da mutane da yawa ke taɓawa, a yi tunani.

Masu Ubuntu su kula: daga 21.10 Firefox ɗinsu na snap ne, wato wani salon ƙunshe manhaja, furofil ɗinsa yana ~/snap/firefox, ba inda psd ya saba nema ba. Linux Mint da Debian ba su da wannan matsala.

Windows, wanda shi ne a hannun mafi yawanmu, ba ya zuwa da irin tmpfs. Sai an saka wani abu kamar ImDisk Toolkit ya yanki RAM ya mayar da ita diski, sannan a haɗa furofil da mklink /J. Yana da zaɓin mayar da kaya idan za a kashe kwamfuta, amma yankewar wuta ba ta bi ta wannan ƙofar, saboda haka aikin yini guda ne ke cikin haɗari, ba na awa ɗaya ba, sai in ka tsara kwafin lokaci-lokaci da kanka. Windows kansa ya riga ya cinye kaso mai tsoka na giga 4 kafin ka buɗe komai. A ganina kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu a nan.

Hanya ta uku ba dabara ba ce, saye ne: a cire tsohon diski a sa SSD. Ita ce nake faɗa wa mutum tara cikin goma. Tazarar da ke tsakanin diski mai juyawa da SSD ita ce wadda ido ke gani, daga milisakan 15 zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Tazarar SSD da RAM tana da girma a takarda, amma a burauza da ƙyar hannu ke jin ta, musamman da yake Linux da Windows duk suna riƙe fayilolin da aka karanta kwanan nan a cikin RAM da kansu. Kuma SSD ba burauza kaɗai yake gyarawa ba. Tashin kwamfuta, buɗe Word, har swap ɗin mai giga 4, duk suna samun sauƙi. Ba shi da allura, saboda haka girgizar babur a hanyar Harobanda ba ta dame shi ba. Kusan kowace ThinkPad ko Latitude ko EliteBook ta shekarun 2012 zuwa 2015 tana karɓar SSD na SATA mai inci 2.5, kuma masu gyara a Babbar Kasuwa da Katako sun saba da aikin. Abin da zan roƙa shi ne a duba lafiyarsa kafin a biya, da CrystalDiskInfo a Windows ko smartctl a Linux, domin suna nuna awoyin da ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta masa. Ana sayar da tsoho a kwalin sabo.

Wasu kuma sun riga sun sa SSD, amma suna son psd don tsoron kada rubutun burauza ya cinye shi. A yi lissafi. Samsung 870 EVO mai giga 250 an ba shi garantin rubutu har terabait 150. A ce burauzanka na rubuta giga 10 kowace rana, wanda ba kaɗan ba ne, sai ya yi kwana 15,000 kafin ya kai wannan adadi, sama da shekara 40. Ko SSD mai arha da ke da rabin wannan ƙarfi zai ga bayan kwamfutar da aka sa shi ciki. Wanda duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ya shiga about:config ya mayar da browser.sessionstore.interval daga 15000 zuwa 60000, rubutun zai ragu ba tare da ya jingina furofil ɗinsa ga wutar gari ba.

Idan binciken farko ya nuna RAM ce ta gaza, to kuɗin ya tafi wajen ƙaro ta. A duba irin da kwamfutar ke ci, domin kwamfutocin hannu masu furosesa Intel ƙarni na huɗu da na biyar DDR3L suke so mai volt 1.35, DDR3 na yau da kullum ba lallai ya tashi ba. Windows mai bit 32 kuma ba ya ganin abin da ya wuce giga 4 ko ka sa masa takwas. Kafin kuɗi su samu, uBlock Origin mai toshe tallace-tallace a Firefox yana rage cin RAM da cin forfe a lokaci guda, zram a Linux kuma yana matse abin da ke RAM maimakon tura shi diski.

To wa ya rage wa psd? Akwai su, kuma a wurinsu abin alheri ne. Na farko mai ƙaramar kwamfutar nan da aka manne mata ma'ajiyar eMMC mai giga 32 ko 64 a jikin allo, wadda ba a iya canza mata diski, ko mai Raspberry Pi da ke gudu a kan katin SD. Waɗannan ma'ajiyoyi suna da rauni a ƙananan rubutu kuma suna saurin gajiya, saboda haka psd da overlayfs yana ba su sauri da tsawon rai, in dai RAM ta isa. Na biyu mai Linux da giga 8 da batir mai rai, wanda tsohon diski ke hannunsa kuma SSD sai wata mai zuwa. Na uku masu siber da wuraren buga takardu, amma su ta wata fuska: a wurinsu mantuwar RAM ita ce ribar. A shirya furofil mai tsabta, a riƙa kwafe shi zuwa tmpfs a kowace shiga, kada a taɓa mayar da shi diski. Baƙon da ya manta bai fita daga Facebook ɗinsa ba, ko ya bar imel a buɗe bayan ya tura takardun neman aiki, da an sake tayar da na'urar babu sauran sawunsa. Wannan ba ya bukatar psd ma, layin rsync ɗaya ya isa.

Wanda ya ga yana cikin rukuni biyun farko, ya fara da rufe burauza ya kwafe furofil ɗinsa duka a kile, ya ajiye gefe. Sannan ya saka profile-sync-daemon, ya rubuta psd sau ɗaya domin ya haifar da fayil ɗin saiti, ya buɗe shi ya ambaci burauzan da yake nufi kaɗai a layin BROWSERS, don kada a kwashi har waɗanda ba ya amfani da su. Umarnin psd p zai nuna girman furofil da inda za a kai shi, a kwatanta da abin da df -h /run/user/1000 ya nuna. Idan wuri ya isa, sai systemctl --user enable --now psd, a rage tazarar kwafi zuwa minti 10 tun ranar farko. Duk ranar da ka canza wata muhimmiyar kalmar sirri, kada ka jira agogo, rubuta systemctl --user start psd-resync nan take. Idan kuma SSD ya samu daga baya, rufe burauza, ka tsayar da psd da systemctl --user disable --now psd domin furofil ya koma mazauninsa, sannan a kwafe diskin.